Na Je Leƙa Cikin Tsutsa a Tekun Ƙanƙara

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A wurin wani suna a garin Manassas, nan Amurka, mata suka sa ni tsakiya, shinkafata ta huce a faranti ina bayani. A masallaci ma haka, har wata baiwar Allah ta tambaye ni wai gaskiya ne idan mutum ya tofa yawu a can kafin ya kai ƙasa ya zama dutse. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saudatu, haifaffiyar Gusau. A Beltsville ta jihar Maryland muke zaune da maigidana da yaranmu biyu, Hanifa da Sadik. Ina karatun digiri na uku a fannin halittun ruwa, kuma abin da nake bincike a kansa wata 'yar halitta ce da ake kira tsutsar kibiya. Tsawonta bai fi na ashana ba, manyan su kai ɗan yatsa. Jikinta garau yake kamar gilashi, ana ganin hanjinta daga waje, a gefen kanta kuma akwai ƙugiyoyi. Takan tsaya cik a cikin ruwa, da ta ji motsin wani ƙwaron ruwa kusa da ita sai ta cafke shi. Ƙwarin nan da take ci, masu girman ƙwayar shinkafa, su ne kuma abincin 'ya'yan kifi, kifin kuma shi tsuntsaye da dabbobi da mutanen arewacin duniya suka dogara da shi. Tsutsar tana da yawa ƙwarai a tekun can, don haka sanin abin da take ci ba wasa ba ne.

Malamar da ke duba aikina, Farfesa Helen, dattijuwa ce da ta ƙare rayuwarta a kan tsutsar nan. Damisar teku take ce mata, kuma a wurinta nama kawai take ci. Ni kuwa da na yi ta farke cikin tsofaffin tsutsotsin da ke ajiye a kwalabe a ɗakin gwajinmu, sai na riƙa ganin wani koren abu kamar dusa a hanjin wani iri da ke zaune can ƙasa a ruwa mai zurfi. Farfesa ta ce datti ne da suka haɗiya a cikin raga lokacin da ake jawo su. Na ce mai yiwuwa abinci ne, ɓurɓushin tsiron ruwa da ke gangarowa daga sama. Babu yadda za a raba gardamar sai mutum ya je ya kamo su da kansa, a hankali, ya duba su da ransu. Ita ce za ta je, sai aka yi mata aikin gwiwa, kujerarta a jirgin bincike ta faɗo kaina. Duk karatuna a kan wannan tafiya ya rataya.

Da na gaya wa Abban Hanifa, sai washegari ya tayar da maganar. Tambayarsa ta farko ita ce ko waya na aiki a can. Na ce sai jefi-jefi. Ya ce to Allah ya sa alheri, shi zai iya da kai yara makaranta, kitson Hanifa ne bai san yadda zai yi da shi ba. Maƙwabciyarmu Hajiya Mero, mutuniyar Kumasi, ta ɗauki wannan nauyin. Ta kuma cika min kwalba da shito, yajin nan nasu na Gana mai mai da busasshen kifi, ta ce abincin Bature a kan ruwa ba zai yi ɗanɗano ba. Da yake tafiyar ta faɗo cikin azumi, kuma an ce rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokaci, muka je wurin wani malami a Alexandria, wani gari kusa da mu. Ya ce ni matafiyiya ce, in sha in rama, salla kuma in bi lokutan gari na ƙarshe da na bari wanda ke da dare da rana.

Daga Washington na sauka Montreal ta ƙasar Kanada. Jami'in shige da fice ya juya koren fasfona, ya duba biza, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce zan je in ga abin da tsutsa take ci. Ya ɗago ya dube ni, ya ce in sake faɗa. Na sake, na nuna masa takardar gayyata. Ya buga hatimi yana cewa a aikinsa bai taɓa jin wannan ba. A wurin duba kaya aka karɓe kilishin da na yi ta tattali, don ba a shiga da nama. Shito kuwa sai da aka buɗe, matar ta sansana, ta yi atishawa, ta rufe ta mayar min.

Daga nan wani ƙaramin jirgi ya ɗauke mu, mu masu binciken, zuwa wani ƙauye a gaɓar tekun arewa. Tun muna sama na ga itatuwa suna raguwa har suka ƙare, sai duwatsu da tafkuna. A ƙauyen hazon teku ya rufe mu, jirgi mai saukar ungulu da zai kai mu babban jirgin ruwa ya kasa tashi, muka kwana biyu a wani ɗan masauki da ɗakunansa suka yi mana kaɗan. Matar da ke kula da masaukin, Lusi, 'yar ƙabilar Inuwit ce. Na tambaye ta ko akwai ruwan zafi, sai ta ɗaga gira. Na sake tambaya, ta sake ɗaga gira. Raina ya ɗan sosu, na ɗauka raini ne. Daga baya na gane haka suke cewa e, in kuma a'a ne sai su yamutsa hanci.

Lusi ta gayyace ni gidanta. Ƙofa a buɗe, mutane na shiga ba sallama ba ƙwanƙwasawa, amma kowa sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar a gida. 'Yarta na goye da jariri a cikin bayan rigar sanyinta, kansa kawai ke leƙowa ta wajen wuya. Na nuna mata yadda muke yi da zani, muka yi ta dariya. Aka shimfiɗa kwali a ƙasa, aka ɗora daskararren kifi ɗanye, kowa ya zauna yana yanka da wata wuƙa mai siffar rabin wata. Na yi bisimilla na ci yanka guda. Ba ƙarni kamar yadda na zata, sanyi ne kawai ya kama min haƙora. Na ɗauko shito na dangwala, mahaifin Lusi ya ce shi ma zai taɓa. Ya taɓa, hawaye suka zubo masa, ya miƙo hannu a ƙara.

Da hazo ya yaye aka ba mu wata jar riga mai kauri, daga ƙafa har wuya, wai ko an faɗa ruwa. Na sa ta a kan hijabina, na zama kamar buhu. Jirgin ruwan kansa gari guda ne mai hawa-hawa, yana hawa kan ƙanƙara ya danne ta da nauyinsa har ta fashe. Ƙarar tana shiga har cikin ƙashi. Aka haɗa ni ɗaki da Silvi, wata mai binciken laka daga ƙasan teku, doguwa, mai magana da Faransanci, wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta. Kwanakin farko kafin mu shiga ƙanƙara, igiyar ruwa ta juya min ciki, ba abin da ke zama. Silvi ta riƙa kawo min busasshen biskit tana cewa in fita in kalli nesa.

Abinci kuwa akwai shi da yawa, sai dai naman alade a kusan kowace tukunya. Na yi wa mai dafa abinci bayani, ya riƙa ware min kifi da dankali da ƙwai. Salla ce ta ba ni wahala. Rana tana zagaya sama ne kawai kamar ta rasa ƙofar fita, sai agogo na riƙa bi. Alƙibla kuma, jirgi na juyawa tana juyawa. Wani matuƙi ya lissafa min ita a kan taswira, ya ce duk lokacin da nake so in buga waya ɗakin matuƙa in tambayi inda muka fuskanta. Har suka saba, da sun ji muryata sai su faɗa kafin in tambaya.

Gaisuwar mutanen jirgin kalma ɗaya ce, a kan tafiya. Shugaban masu binciken, Dakta Pol, shi ke raba lokaci, ya ce wane zai jefa kayan aikinsa a ruwa yanzu, wane sai an jima. Ranar farko na tsaya na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi gajiya, na tambayi iyali. Ya tsaya yana kallona, sannan ya tambaye ni ko an kawo wani labari ne daga gidansa.

To a nan ne na yi wa kaina. Lokaci a jirgin nan ya fi komai tsada, kuma tsutsar da nake nema sai a wurare masu zurfi sosai, waɗanda ba su da yawa a hanyarmu. Da muka isa na farko, iska na tasowa, Dakta Pol ya ce a wurin taro lokaci ba zai ishi kowa ba. Wani mai auna ruwa, Tomas, yana buƙatar injin jan igiya, ni ma haka. Tomas ya girme ni nesa ba kusa ba. Dakta ya dube ni ya ce yaya. Na ce ba komai, ya fara. Ina jira Tomas ya ce a'a, ke baƙuwa ce, ke za ki fara, in ce a'a, ya sake cewa, sannan in karɓa. Sai ya ce ya gode, ya tashi ya fita. Kafin ya gama iska ta ƙarfafa, muka bar wurin.

A wuri mai zurfi na biyu aka sake yin haka. Tunda na haƙura a karon farko, kowa ya ɗauka aikina mai jira ne. Aka sake tambayata, bakina ya sake cewa ba komai, zuciyata na tafasa. Daga nan ƙanƙara mai kauri ta toshe hanyar da aka tsara, muka koma ruwa marar zurfi muka yi makonni. Ina jefa raga kullum, amma ɗaya irin nake kamawa, na sama. Ina zaune a ɗakin sanyi da allura biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ina farke ciki bayan ciki. Yawancinsu wayam. Wanda ke da ƙwaro a ciki kuma sau da yawa a bakin maƙogwaro yake, alamar a cikin raga ta cafke shi. Wannan an riga an sani tun kafin in zo. Abin da na bar 'ya'yana dominsa, ko ɗaya ban samu ba.

Aka sanar cewa saura wuri mai zurfi guda ɗaya kafin mu juya, kuma ba za a daɗe a wurin ba. Na duba jadawalin da aka liƙa, babu sunana. Silvi ta same ni a ɗaki ina zaune da rigar aiki ban tuɓe ba. Na gaya mata komai, na roƙe ta ta yi min magana da Dakta Pol, tunda sun daɗe da sanin juna. A gida haka ake yi, ka nemi wanda ake jin nauyinsa ya shige maka gaba.

Ta ƙi. Ta ce, "In ni na je, zai ɗauka abin bai dame ki ba ne. Tsutsarki ce. Ki je da ƙafarki."

Na ji haushinta a ranar, amma na je. Na same shi a ofishinsa, na fara da gaisuwa, na yaba yadda yake tafiyar da aiki, na yi maganar ƙanƙara. Na ga ya saci kallon agogo. Sai na haɗiye sauran na ce masa in ban jefa raga a wurin nan ba, karatuna ya rushe, don babu kuɗin wata tafiyar kuma babu lokacinta.

Ya ajiye biro. "Amma sau biyu na tambaye ki."

Na ce, "A wurinmu in mutum ya ce ba komai, sake tambayarsa ake yi."

"Har sau nawa?"

"Har sai ya faɗi gaskiya."

Ya ɗan yi murmushi, ya ce shi da mutum kusan arba'in a wuyansa ba zai iya wannan ba. Ya ce lokacin da nake nema a hannun Tomas yake, kuma ba zai karɓe a bayan idonsa ba. Sai dai in faɗa a taro, a gabansa.

Ban taɓa yin abin da ya yi min nauyi kamar wannan ba. Na tashi a gaban mutane na ce ina buƙatar injin, kuma ina buƙatarsa da farko. Tomas ya ce shi ma layin awonsa zai yanke in ya rasa wannan wurin, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce da na yi magana tun farko da an tsara abin ba tare da kowa ya yi asara ba. Wannan ma gaskiya ne. Aka yi ta ja, a ƙarshe Dakta Pol ya raba, Tomas ya rasa rabin abin da ya shirya, na sami jefa raga sau biyu. Tomas ya yi kwanaki ba ya zama teburin da nake.

Ranar da muka isa, sama ta yi fari fat, sanyi na ratsa safar hannu biyu. Ragar tawa mai rufe baki ce, ana rufe ta tun tana can ƙasa don kada ta kwaso na sama. Ta daɗe tana sauka. Na roƙi mai injin ya jawo a hankali yadda tsutsotsin ba za su cakuɗe da datti ba. Jefawar farko bakin ragar bai rufe ba, komai ya haɗe, ba ta da amfani. Ma'aikatan jirgin suka duba, ƙanƙara ce ta daskare a makullin. Suka zuba ruwan zafi, muka sake sakewa. Ina tsaye riƙe da ƙarfe ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da ta fito, baki a rufe yake.

Aka juye abin da ta kamo a bokiti, na rungume shi na nufi ɗakin sanyi, Silvi na buɗe min ƙofofi. Da na leƙa ban ga komai ba sai ruwa. Silvi ta karkato fitila daga gefe, sai ga su, siraran allurai na gilashi, a tsaye cik, kowace da ɗigon mai a cikinta yana ƙyalli. Na ɗauki ɗaya da ranta na sa a ƙarƙashin madubi. Koren abin na nan. Ba a maƙogwaro yake ba, yana can ƙarshen hanji, a dunƙule, kamar abin da aka daɗe da ci. Na duba wata, haka. Wata babu komai. Wata haka. Na ce wa Silvi ta duba da idonta, don kada a ce son zuciyata ne ya nuna min. Ta duba ta ce ita laka ta sani, amma kore kore ne. Muka ɗauki hotuna, na daskarar da wasu, na zuba wasu a ruwan magani.

Ina cikin haka, a wani faranti, wata tsutsar ta yi wani motsi da idona bai iya bi ba. Kafin in ƙifta, ƙwaro na cikin ƙugiyoyinta, tana tura shi ciki. Damisar Farfesa ke nan, a gabana. Na rubuta wannan ma.

A jirgin Salla ta same ni. Na yi wanka na sa atamfa a kan wandon sanyi, na samu 'yan mintoci a wayar jirgi. Hanifa ta ba ni labarin lallen da Hajiya Mero ta sa mata, ina yi mata Hausa tana amsawa da Turanci. Sadik ya ƙi karɓar wayar. Da na fito cin abinci na tarar mai dafa abinci ya yi kek, Silvi ce ta gaya masa. Tomas ya zo ya yanki nasa, ya tsaya, ya tambaye ni ko na sami abin da nake nema. Na ce na samu. Ya ce to ya yi kyau, da ya fi jin haushi in da a banza ne.

A dawowa, jami'in kwastan na Amurka ya sa na buɗe akwatin sanyi. Ya karanta takardun izini, ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba a haske, ya ce ai babu komai a ciki. Na nuna masa yadda zai karkata ta. Ya gani, ya mayar a hankali. Da na fito, zafin Maryland ya buge ni kamar an buɗe tanda. Na yi kwanaki ƙasa na yi min lilo, ina dafa bango a kicin. Sadik ya ɓuya a bayan ubansa, sai da yamma ya zo ya hau cinyata.

Farfesa Helen ta zo ɗakin gwaji da sanda. Ta zauna ta daɗe a kan madubi, tana sa ni ina canza mata tsutsa. Da ta ɗago ba ta ce na yi daidai ba. Ta ce inda abin yake a hanji ya ba ta mamaki, amma hoto ba hujja ba ne, sai an gwada man jikinsu an ga ko koren yana shiga jiki ko wucewa kawai yake yi. Ta ce in fara ranar Litinin. A kan wannan gwajin nake har yanzu, don haka masu tambayata me na gano, rabin amsa ce a hannuna.

A ƙarshen makon na kira Inna a Gusau. Bayan gaisuwa ta ce in faɗa mata zurfin wurin. Na ce in an jera dogayen gidajen sama da yawa, wani a kan wani, ba za su taɓo ƙasa ba, ga duhu ga sanyi. Ta ce ikon Allah, can ma akwai mai ciyar da su. Ta tambayi mutum nawa suka taya ni jawo abin, don ta gaya wa matan unguwa na tafi kamun wata dabbar teku. Na ce mata girmansa bai fi ashana ba.

Ta ce, "Ashanar kunna wuta?"

Na ce ita.

Ta ce, "To, in kin zo gida, wannan ki bar shi tsakaninmu."